Jagora ga Wanda Ya Tashi da Rashin Barci: Yadda Za Ka Sake Saba wa Jikinka da Gado

Tun ina ƙaramin yaro na haddace yadda numfashin mutum yake sauyawa idan barci ya ɗauke shi. Da an kashe fitila sai in ji na kusa da ni ya fara jan numfashi mai tsawo, can sai na gaba da shi, har ɗakin ya yi tsit, ni kuwa idona biyu, ina ta juyi. A haka na yi karatu, a haka na fara aiki. Duk wanda na kai wa kuka amsarsa ɗaya ce: "Ai kwanciya kawai za ka yi ka rufe ido," ko kuwa "Ka rage tunani." Ba na ganin laifinsu. Wanda barci bai taɓa yi wa gardama ba, ba shi da hanyar sanin cewa mu ne muka fi kowa daɗewa a kwance da ido a rufe.

Na rubuta wannan jagora ne domin irina, waɗanda ba za su iya tuna ranar da suka yi barci kamar sauran mutane ba, da kuma wanda abin ya same shi da girmansa ya ƙi tafiya. Ba zan yi maka alkawarin barcin awa 9 ba. Abin da na gani a kaina, kuma likitocin barci suka tabbatar, shi ne mafi yawan abin da ke riƙe rashin barci shekara da shekaru yana cikin dabarun da muka ƙirƙiro da kanmu don mu yaƙe shi. Waɗannan kuwa ana iya kwance su ɗaya bayan ɗaya.

## Ka fara sanin ciwon da kake fama da shi

Likitoci suna cewa mutum yana da rashin barci mai daɗewa idan yana shan wuya kafin barci ya zo, ko yana yawan farkawa, ko yana farkawa tun dare da saura ya kasa komawa, aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, alhali yana da lokaci da wurin kwanciya, kuma abin yana bin sa cikin yini: kasala, saurin fushi, mantuwa, kasa tattara hankali. Kusan mutum 1 cikin manya 10 yana cikin wannan hali, don haka ba kai kaɗai ne ido biyu da tsakar dare ba.

Sai dai akwai cututtukan da ke fakewa a bayan rashin barci, kuma matakan da ke tafe ba za su warkar da su ba. Tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya: kana minshari mai ƙarfi? Numfashinka yana tsayawa na wasu daƙiƙoƙi, sa'annan ka zabura kamar an shaƙe ka? Idan haka ne, musamman in kana tashi da ciwon kai da bushewar baki, alamar toshewar numfashi ce a cikin barci, aikin asibiti ne. Haka nan idan da ka kwanta sai ka ji kamar kiyashi na yawo a cikin ƙafafunka, ba ka samun sauƙi sai ka motsa su. Wannan ciwo ne mai zaman kansa, sau da yawa yana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, gwajin jini kan nuna. Ciwon damuwa, fargaba, ƙwannafi, ciwon gaɓoɓi, yawan fitsarin dare, tayirod (wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya) mai aiki fiye da ƙima, zafin jiki da gumin da mata ke fama da su lokacin ɗaukewar al'ada, da wasu magungunan asma da na mura, duk suna hana barci.

Akwai kuma wata tambaya da nake so duk wanda ya tashi da wannan matsala ya yi wa kansa: in an ƙyale ka, babu aiki babu makaranta, kana iya yin barci mai daɗi daga ƙarfe 3 na dare zuwa 11 na safe? In amsar e ce, barcinka lafiyarsa lau, agogon jikinka ne ya makara. Maganinsa ya fi karkata ga hasken safiya da matso da lokaci sannu a hankali, kuma yana da kyau likita ya san da wannan bambanci.

## Abin da ke kawo barci, da abin da ke tare shi

A 1982 wani masani a Jami'ar Zurich ta ƙasar Suwizalan, Alexander Borbély, ya bayyana cewa abu biyu ne ke haɗuwa su kawo barci. Na farko zan kira shi yunwar barci. Tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma gwargwadon daɗewarka a farke, gwargwadon nauyin da yake ɗora wa ido. Barci ne ke kwashe shi. Na biyu shi ne agogon jiki, wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a can cikin ƙwaƙwalwa da ke karɓar saƙo daga ido, yana saita kansa da haske. Shi ke ba da umarnin sakin melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki lokacin barci, idan duhu ya yi, shi ke sauke zafin jiki da dare. Idan yunwa ta kai, agogo kuma ya buga, barci yakan zo da kansa.

To me ya sa mu yake ƙin zuwa? Saboda akwai abu na uku da ke iya danne su biyun, wato jiki ya kasance a ankare kamar mai gadi. Zuciya na bugawa, kunne na jin kowane motsi, tunani na tufka da warwara. Jikin da yake ganin akwai haɗari ba zai saki kansa ba, kuma ga mai rashin barci, haɗarin shi ne daren kansa.

Arthur Spielman, wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya raba al'amarin gida uku a shekarun 1980. Akwai abin da aka haife ka da shi: wasunmu barcinsu marar nauyi ne tun asali, kuma abin yakan bi jini. Akwai abin da ya tayar da shi: rasuwa, rashin lafiya, haihuwa, jarrabawa, aikin dare. Sa'annan akwai abin da ya riƙe shi bayan dalilin farko ya wuce, a nan ne kuma gizo ke saƙar. Ka kwana ba ka runtsa ba, sai ka kwanta da wuri washegari don ka rama. Ka daɗe a gado da safe ko za ka tsinci ɗan wani abu. Ka yi barcin rana. Ka soke fita da motsa jiki saboda gajiya. Kowanne cikinsu daidai yake da hankali, amma kowanne yana rage yunwar barci, yana rikita agogo, yana ƙara awoyin da kake kwance kana kokawa. Garin neman ƙiba an samo rama. Kashi na farko ba ka da iko da shi, na biyu ya riga ya wuce, amma na uku a hannunka yake.

Matakan da ke ƙasa su ne ƙashin bayan hanyar da likitoci ke kira CBT-I, wato gyaran tunani da ɗabi'a don magance rashin barci. A 2016 wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta ce ita ce ya kamata a fara gwadawa ga manya masu rashin barci mai daɗewa, kafin a kai ga ƙwaya. Yawanci takan ɗauki mako 6 zuwa 8. In kana da damar yin ta tare da ƙwararre, hakan ya fi.

## Mataki na farko: mako biyu na rubutu, ba tare da ka sauya komai ba

Samu takarda ka ajiye kusa da gado. Kowace safiya, cikin minti 2, rubuta lokacin da ka hau gado, kimanin mintunan da ka yi kafin barci ya zo, sau nawa ka farka da jimillar lokacin da ka yi a farke, lokacin farkawarka ta ƙarshe, da lokacin da ka sauko daga gado. Ƙara da barcin rana in ka yi, da kofi ko shayin da ka sha da lokacinsa, da kowace ƙwaya.

Ƙiyasi ake so, kada ka riƙa duba agogo cikin dare don ka cika takarda. Kuma ka shirya ganin abin mamaki: idan aka auna masu rashin barci da na'ura a ɗakin gwaji, da yawansu sukan yi barci fiye da yadda suke zato, domin barci marar nauyi yana kama da farke ga mai yin sa. Wannan ba ya nufin wahalarka ƙarya ce. Ni dai ya rage mini tsoro da na ga cewa daren da nake rantsuwa ban runtsa ba, in na natsu na lissafa, akwai awa 3 ko 4 a ciki. Agogon hannu mai auna barci kuwa, in kana lura yana ƙara maka damuwa kowace safiya, cire shi.

## Mataki na biyu: kafa lokacin tashi

Ba ka da iko a kan lokacin da barci zai zo, amma kana da iko a kan lokacin da za ka tashi. Zaɓi lokaci ɗaya da ya dace da rayuwarka, ka riƙe shi kwana 7 a mako, har ranakun hutu, har safiyar da ta biyo bayan mummunan dare. Wannan safiyar ma ita ce ta fi muhimmanci, domin in ka rama a ranar, ka cinye yunwar da za ta kwantar da kai da dare.

Da ka tashi, fita waje ka sha haske na minti 20 zuwa 30. Hasken waje, ko da gari da hadari, ya ninka fitilar ɗaki sau da yawa, kuma shi ne babban abin da agogon jiki ke saita kansa da shi. Barcin rana a ajiye shi tukuna. In gyangyaɗi ya kai matsayin haɗari, misali za ka yi tuƙi, yi na minti 20 kafin ƙarfe 3 na rana, ka saita ƙararrawa.

## Mataki na uku: rage lokacin da kake yi a gado

Nan ne mutane suka fi turjewa, nan ne kuma aka fi samun sauyi. Spielman da abokan aikinsa ne suka fito da dabarar a 1987.

Ɗauko takardarka ta mako biyu ka fitar da matsakaicin awoyin da kake barci na haƙiƙa. A ce kana hawa gado ƙarfe 10 na dare, kana saukowa 7 na safe, awa 9 ke nan, amma barcin da ke ciki awa 5 da rabi ne. Raba barcin da lokacin gado: kashi 61 cikin 100 kawai. Sauran awa 3 da rabi kana kwance ne kana koya wa ƙwaƙwalwarka cewa gado wurin fama ne. Mai barci lafiya yakan kai kashi 85 ko fiye.

Abin da za ka yi shi ne ka mayar da lokacin gado daidai da barcin da kake samu. In ka kafa tashi a ƙarfe 6 na safe, kuma barcinka awa 5 da rabi ne, ba za ka hau gado ba sai 12:30 na dare. Ko nawa lissafinka ya nuna, kada ka sauka ƙasa da awa 5.

Na san abin da za ka ce, domin ni ma na faɗa: mutumin da barci bai ishe shi ba, a ce kuma ya rage kwanciya? Amma duba lissafin da kyau. Ba a taɓa barcinka ba, awoyin juyi aka yanke. Barcin da ke warwatse cikin awa 9, guntu nan guntu can, shi ake so a tattara wuri guda ya yi nauyi.

Makon farko yana da wuya, gara in faɗa maka tun yanzu. Za ka ji gajiya fiye da da, za ka riƙa hamma tun ƙarfe 10, ido ya yi ja. Wajen ƙarfe 11 zuciyarka za ta ce yau kam barci ya zo, bari ka kwanta. Daure. Tashi tsaye, ninke kaya, yi hira, zauna a kujera mai tauri. Kada ka kishingiɗa a kan doguwar kujera gaban talabijin, domin gyangyaɗin minti 15 a nan yana iya ɓata daren duka. Ni a dare na biyar ne na ga abin da ban taɓa gani ba tun ƙuruciya: na ɗora kai a matashi, ban san lokacin da barci ya kwashe ni ba, sai ƙararrawa na ji. Wani yakan ga haka da wuri, wani sai mako na biyu ko na uku.

A ƙarshen kowane mako sake lissafi. In barcinka ya kai kashi 85 cikin 100 na lokacin gado ko ya wuce, ƙara minti 15 ta hanyar kwanciya da wuri. Lokacin tashi ba ya motsi. In yana tsakanin 80 da 85, bar shi yadda yake. In ya gaza 80, rage minti 15, muddin ba ka sauka ƙasa da awa 5 ba. Haka za ka yi ta matsawa har ka kai inda kake tashi da ƙarfi kuma barcin bai sake tsinkewa ba. Nan ne ma'aunin jikinka. Ana ba manya shawarar awa 7 ko fiye, amma buƙatar mutane ta bambanta, kuma nacewa sai an cika awa 8 ta hana mutane da yawa barci.

Gargaɗi, kuma da gaske nake: mai farfaɗiya, da mai ciwon da ke sa yanayin zuciya hawa sama ƙwarai ya kuma faɗo ƙasa, da mai toshewar numfashi da ba a yi wa magani ba, da mai juna biyu, da direba ko mai aiki da injuna masu haɗari, kada su yi wannan mataki sai da sa idon likita. Ƙarancin barci na iya tayar da farfaɗiya da wancan ciwon. Ga tsofaffi da masu rauni akwai hanya mai sauƙi: a riƙa rage minti 30 daga lokacin gado kowane mako har a kai ga ma'aunin, maimakon yankewa lokaci guda.

## Mataki na huɗu: raba gado da kokawa

Ka taɓa lura kana gyangyaɗi a kujera, amma da ka shiga ɗaki ka hau gado sai ido ya bushe? Ko kuma ka fi yin barci a baƙon wuri? Ƙwaƙwalwa tana haɗa wuri da abin da aka saba yi a cikinsa. Shekarun da ka yi kana juyi sun sa ganin gadon kaɗai ya isa ya tayar da mai gadin nan. Richard Bootzin ne ya tsara hanyar kwance wannan ƙulli a 1972, kuma har yau tana cikin mafi inganci.

Kada ka hau gado sai barci ya zo maka. Ka bambance gajiya da jin barci: gajiya a jiki take, jin barci kuwa a ido yake, fatar ido ta yi nauyi, kai ya fara rinjaya, ka karanta layi ɗaya sau uku. In lokacin kwanciyarka ya yi amma wannan bai zo ba, ci gaba da zama. Gado na barci ne da kusantar iyali kawai. Waya, aiki, kallo, cin abinci da tattauna matsalolin gida duk su koma wani wuri.

In ka kwanta, ka ji kamar an yi minti 20 barci bai zo ba, ko ka ji ranka ya fara ɓaci, tashi. Kada ka duba agogo don ka tabbatar, jikinka zai gaya maka. Koma wani wuri mai ɗan haske kaɗan ka yi abu mai sanyi: karatu marar tayar da hankali, sauraron wani abu a hankali, ɗinki ko saƙa. Sai ido ya sake nauyi ka koma. In ya sake ƙi, sake tashi, ko sau biyar ne a dare guda. Haka za ka yi in ka farka da tsakar dare.

Abin da ke karya mutane a nan shi ne sanyi da kasala, don haka shirya wurin tun da yamma: kujera, mayafi, littafi, ƙaramar fitila. Wanda ɗakinsa ɗaya ne, ko yake kwana da wasu, ya ware kusurwa ɗaya, ko da shimfiɗa ce a ƙasa da zai zauna a kai. Abin da ake so shi ne jiki ya san ya bar wurin barci. Tsoho mai tsoron faɗuwa cikin duhu ya tashi zaune a gadon ya jingina, ya kunna fitila.

## Mataki na biyar: tunanin dare

Da rana hidima ke danne damuwa, da dare kuwa fili ya zama nata. Ba ta nata lokacin tun da wuri. Awa 2 ko 3 kafin kwanciya, zauna da takarda na minti 15, rubuta abin da ke cin ranka, a gaban kowanne ka sa mataki ɗaya da za ka ɗauka gobe, ko ka rubuta cewa wannan ba shi da mafita a yau. Rufe takardar. In tunanin ya dawo cikin dare, ka san an riga an rubuta shi, ba zai ɓata ba. A 2018 Michael Scullin da abokan aikinsa a Jami'ar Baylor ta Amurka sun gwada irin wannan: waɗanda suka yi minti 5 suna rubuta ayyukan da ke jiransu sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci da kimanin minti 9.

Juya fuskar agogo bango, ka ajiye waya inda hannu ba zai kai ba. Duba lokaci da dare lissafi kawai yake haifarwa: saura awa 4, saura awa 3, gobe na shiga uku. Shi kansa wannan "gobe na shiga uku" a tuhume shi. Sau nawa ka kwana ba barci kuma ka yi aikinka washegari? Ɗaruruwa. Ranar ba ta yi daɗi ba, amma ta wuce. Farkawa cikin dare ma ba alamar lalacewa ba ce: barci yana zagayawa ne kusan kowane minti 90, kuma kowa yakan ɗan farka a tsakani, masu barci lafiya mantawa kawai suke yi.

Sai babban abu, wato ƙoƙari. An ce barci ɓarawo ne, ɓarawo kuwa ba ya shiga gidan da ake zaune ana jiransa. Tambayi mai barci lafiya me yake yi don ya yi barci, zai ce ba komai. Duk abin da ka yi da niyyar tilasta barci, ko da numfashi ne ko ƙirga, ya zama aiki, aiki kuwa farkar da mutum yake yi. Shi ya sa wasu likitoci ke ba da shawarar da ta yi kama da wasa: kwanta cikin duhu, bar idonka a buɗe a hankali, ka ce wa kanka bari in ɗan ƙara zama a farke. Da ka daina farauta sai jiki ya saki.

Sassauta jiki yana taimakawa in an koye shi da rana tukuna. Hanyar da likita Edmund Jacobson ya fito da ita a shekarun 1920 mai sauƙi ce: ɗaure tsokar ƙafa na daƙiƙa 5, saki, ka saurari bambancin na daƙiƙa 15, sa'annan ka hau zuwa cinya, ciki, hannu, kafaɗa, fuska. Yi ta kullum har ta zama jiki, kafin ka kawo ta gado.

## Mataki na shida: ƙananan gyare-gyare

Waɗannan su ne shawarwarin da kowa ya sani, kuma da gangan na bar su a baya, domin su kaɗai ba sa warkar da rashin barci mai daɗewa. Amma suna share hanya.

Kafeyin ya fi sauran muhimmanci. Yana zama ne a gurbin da adenosin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, sai yunwar barci ta kasa isar da saƙonta. Jiki yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabinsa, wasu ma fiye. Wani bincike da Christopher Drake ya jagoranta a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa 1. Yana cikin kofi, shayi, lemon kola, abubuwan sha masu ƙara kuzari da wasu magungunan ciwon kai. Tsayar da shi daga tsakar rana. Nikotin da ke cikin taba shi ma mai farkarwa ne. Barasa takan kwantar da mutum da wuri, sa'annan ta yayyanka rabin dare na biyu.

Motsa jiki da rana yana ƙara nauyin barci. Ɗaki ya kasance da duhu, da sanyi daidai, da shiru gwargwadon hali. Wanka da ruwan ɗumi awa 1 zuwa 2 kafin kwanciya yana taimaka wa jiki ya sauke zafinsa. Kada ka kwanta da ciki a cike, kada kuma ka kwanta da yunwa. Rage fitilu a awa ta ƙarshe, ka ajiye waya. Abin da ke cikinta, saƙonni da labarai da gardama, ya fi haskenta tayar da hankali.

## Batun ƙwayoyi

Ba na zargin wanda ya kai ga ƙwaya, na san daren da ke kai mutum can. Suna da amfani na ɗan lokaci a hannun likita. Matsalar ita ce irin su diazepam jiki na sabawa da su, sai an ƙara yawa, kuma suna jawo jiri da faɗuwa, musamman ga tsofaffi. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan zolpidem da 'yan uwansa biyu, saboda an samu masu tashi su yi tafiya ko tuƙi cikin barci. Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi kuwa, cikin 'yan kwanaki ƙarfinsu kan ragu, su bar mutum da nauyin kai da safe. Melatonin ya fi amfani wajen gyara agogon da ya makara fiye da rashin barci irin namu.

In ka daɗe kana shan ƙwayar barci, kada ka yanke ta dare ɗaya. Rashin barcin yakan dawo da ƙarfi fiye da da, wasu ƙwayoyin ma yanke su kwatsam na iya jawo jijjiga. Likita ne zai tsara maka ragewa kaɗan-kaɗan, kuma ya fi sauƙi in ka riga ka fara matakan da ke sama. Kada a haɗa su da barasa ko kaɗan. Idan kuma rashin barci ya zo da baƙin ciki mai nauyi, ko tunanin cutar da kanka, nemi taimakon likita a ranar, kada ka jira mako shida.

## Idan ya dawo

Zai dawo. Wanda aka haifa da barci marar nauyi, rashin lafiya ko tafiya ko tashin hankali na iya sake tayar masa da shi. Dare ɗaya ko biyu ba komai ba ne, muddin ba ka biya su da tsofaffin dabaru ba: tashi a lokacinka, fita ka sha haske, kada ka rama da rana, kada ka kwanta da wuri. In ya kai mako guda, ɗauko takarda ka sake rubutu, ka koma ga taƙaitaccen lokacin gado na mako ɗaya ko biyu. In ka yi mako 8 kana bin matakan da gaske ba ka ga sauyi ba, kai wa likita takardun nan, za su gaya masa abin da baki ba zai iya tunawa ba.

Tawa takardar ta farko tana nan a ajiye, da 12:30 zuwa 6:00 a rubuce a samanta. Yanzu ƙarfe 11:15 nake kwanciya, kuma har yau akwai daren da nake tashi in koma kujera da littafi. Sau biyu na sake komawa ga waɗancan awoyi, bayan wata jinya da kuma bayan sauyin aiki, kuma duka biyun ban cika kwana 10 ba barcin ya sake haɗuwa.